Madubin Ammu Shahhat

Nagat ta mayar wa Haggag zobensa a tsakiyar kogin Nilu.

Su biyu ne kawai a cikin kwalekwalen. Gari bai gama wayewa ba, za su ƙetara gabas ne su ɗauko baƙinta a masauki. Ita ke zagayawa da baƙi kaburbura da gidajen bautar mutanen dā, shi kuma ke ƙetarar da su. Ta zare zoben daga hannunta na dama, ta ajiye a kan katakon da ke kusa da gwiwarsa.

Haggag ya kashe inji. Ruwa ya fara jansu a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Ka gani ai."

"Na ga zobe. Ke nake tambaya, Nagat, mene ne wannan?"

"Ba zan iya binka garin Safaga ba..."

A wurinmu zoben baiko a dama yake zama, sai ranar ɗaurin aure a mayar da shi hagu. Na Nagat ya shekara biyu a dama. Mata sun gaji da tambaya sun koma kallo.

"Na kama gida," in ji Haggag. "Taga tana kallon teku. Na yi fenti irin wanda kika ce. Mai jirgin da ya ba ni aiki ya jira ni har ya fara zagina ta waya. Yau da magariba motata za ta tashi, sai yau za ki faɗa mini?"

"Ka yi haƙuri."

"Haƙuri! Wanne ya rage ban yi ba? Kika ce a bari a yi arba'in ɗin rasuwar Yamma, mahaifiyarki, na bari. Kika ce a bari lokacin baƙi ya wuce, ya wuce ya dawo ya sake wucewa. Faɗa mini gaskiya, wani Fir'auna ne ya taso daga kabari ya ce yana sonki?"

"Haggag, don Allah..."

"A'a, faɗa mini! Da mai rai nake takara da na san yadda zan yi da shi. Amma gawa? Ya zan yi da gawa?"

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta kau da kai wajen gonakin rake.

Sai ya sassauta murya. "Rabin raina, dube ni. Yaba ne ko, mahaifinki? Na ce ɗaki ɗaya nasa ne. Na ce zan ɗauke shi a kaina."

"Ba zai bar dutsen Gurna ba."

"To ya zauna! Lafiyarsa lau, ya fi ni ƙarfi. Kwanan baya ya kama hannuna mu gaisa, kwana biyu ban iya jan igiya ba. Ga ƙanwarsa a bayan gidanku. Me ya rage?"

Abin da ya rage ba nata ba ne da za ta faɗa. Kuma ta san 'yan kwalekwale: magana in ta shiga kunnen ɗaya da safe, kafin azahar ta gama bin gaɓa.

"Ba kya sona ke nan," ya ce.

"Allah ya sani."

"Allah ya sani, ni ban sani ba."

Ya ɗauki zoben. Bai sa a aljihu ba. Ya rataye shi a ƙusar da ke jikin sandar rumfa, inda yake rataye carbinsa.

"Ga shi nan. Bayan azahar ni zan mayar da ku gabas, wannan ne ƙetarawata ta ƙarshe a kogin nan. In kin ɗauka, na ƙara kwana mu ɗaura aure. In kin bar shi, na tafi da shi."

Ya ja igiyar inji da ƙarfin da ya wuce buƙata.

* * *

Sirrin da Nagat ta ƙi faɗa shi ne, ubanta ba ya gani.

Uban nata, wanda kowa ke kira Ammu Shahhat, mai gadin kabari ne a dutsen Gurna. Kabarin ba babba ba ne, na wani mai kula da rumbunan sarki ne a zamanin Fir'auna. Amma a kan kabarin nan gidansu yake dā. A ɗakin da ke samansa aka haifi Nagat. A bakin ƙofarsa uwarta Bakhita take jera gurasa a rana ta kumbura. Da hukuma ta ce kowa ya sauka daga dutsen, aka rushe gidajen, aka ba mu na siminti a can ƙasa, Shahhat ya ce shi bai ji ba. Ya yi ta zama a kan kangon gidansa har aka gaji aka ba shi gadin ramin da ke ƙarƙashinsa.

Ba a sa lantarki a kabarin ba. Da rana ake haska shi, kamar yadda iyayenmu suka yi. Mutum ɗaya ya tsaya a waje da madubi, fallen ƙarfe mai sheƙi da aka buga a jikin allo, ya tari rana ya jefa ta cikin ƙofa. Na biyu ya tsaya a ƙarshen zauren da nasa madubin, ya karɓa, ya juya ta kan bango. Wanda bai taɓa ganin zanen nan da hasken rana ba bai gan shi ba.

Shahhat na waje, Bakhita na ciki. Da Bakhita ta rasu, Nagat ta karɓi na ciki.

Rana ba ta barin wanda ya shekara arba'in yana kallonta. Ta cinye idanunsa kaɗan-kaɗan. Bai faɗa ba. Nagat ba ta tambaya ba. Ta dai ga yana miƙa hannu gefen kofin shayi, ta ga ya daina gyara mata ɗankwali. Jakinsa ya san hanyar dutse, ƙafarsa ta san matakala, kunnensa ya san muryar kowa. Abu ɗaya ne ya gagare shi: ya san inda rana take don yana jinta a fuska, amma bai san inda ya jefa ta ba.

Wata rana hasken ya kauce, baƙi na tsaye cikin duhu. Nagat ta buga zoben baikonta a jikin ƙarfen madubinta. Ƙarar ta bi zauren ta fita tas! Tsohon ya karkata dama kaɗan. Ta buga biyu, ya koma hagu. Hasken ya sauka. Ta yi shiru, ya tsaya.

Daga ranar haka suke yi. Ɗaya dama, biyu hagu, shiru ya zauna daidai. Ko sau ɗaya ba su taɓa yin maganar ba, ko a gida, ko a hanya.

Mutane sun fara raɗa. Maganar ta kai kunnen Ustaz Midhat, wanda ke duba masu gadi. Ya zo da kansa, ya ga tsoho ya jefa rana cikin rami kamar mai zuba ruwa a tulu, ya ce wanda ya yi wannan ba makaho ba ne, a daina ɓata masa suna.

Nagat ta san ranar da ta tafi, ranar za a karɓi makullin kabarin. Ta kuma san ubanta. In aka zaunar da shi a ɗakin siminti, tsakanin bango huɗu da ba shi ya gina ba, ba zai kai baɗi ba.

* * *

Baƙin ranar ba su da yawa. Wasu 'yan mata masu ɗaukar hoton komai, wani mutum mai jar fuska da ke tambayar banɗaki a kowane wuri, sai tsoho da tsohuwa da ba sa sakin hannun juna.

Haggag ya ƙetaro da su yana waƙa yana tafi, kamar kullum. Bai dubi Nagat ba. Ita ma ta ce ba za ta dubi ƙusar ba. Ta dube ta sau biyu.

A Kwarin Sarakuna, inda aka binne Fir'aunoni, ta tsaya a inuwa ta yi musu bayanin da take yi kowace rana. Bakinta na aiki, ita ba ta wurin. Suka shiga ramuka suka fito suna fifita da huluna. A gidan bautar sarauniya, masu sayar da gyale suka yi musu caa.

"Ustaza Nagat! Ki ce su saya mana, alheri ne!"

"Jiya ma haka ka ce, Sabri, gyalen ya zuba a wuyan matar mutane."

"Zufarta ce mai ƙarfi, ba gyalena ba! Yaushe za mu ci tuwon bikin ne? Haƙorana sun fara zubewa ina jira."

"Ka ci na gidanku."

Ta wuce da sauri, ta cusa hannun dama cikin hannun riga.

Tsohuwar nan ce ta lura. Suna hawa matakala ta kama hannun Nagat don ta jingina, ta ga farin zagaye a yatsa inda rana ba ta taɓa ba.

"Ya faɗi ne, 'yata?"

"Na ajiye shi ne."

Tsohuwar ta dubi fuskarta, ba ta ƙara tambaya ba. Ta dai matse hannun kaɗan kafin ta saki, ta koma wajen mijinta. Nagat ta bi su da ido. Shi yana riƙe mata jaka, ita tana gyara masa hula. Mutum sai ya tsaya cikin taro, ga hayaniya ga yaruka iri-iri, ya ji kamar shi kaɗai aka bari a duniya.

Ta ɗaga 'yar tutarta. "Mu tafi. Akwai wani wuri da ba kowa ake kai wa ba."

* * *

Rana ta kusa tsakiya suka hau dutsen Gurna. Babu komai yanzu a wurin sai tsakuwa da guntayen bango. Nagat ta san kowanne. Nan gidan mai gasa tukwane yake, nan aka yi bikin ƙawarta, nan itacen da uwarta ke ɗaure akuya. Ba ta faɗa wa baƙi wannan.

Ammu Shahhat na zaune a bakin ƙofar ƙarfe, da farin rawani da jallabiya mai ruwan ƙasa, sanda a gefe. Ya miƙe tun kafin su ƙaraso.

"Kin makara."

"Mai jar fuskar nan ne, Yaba. Duk inda muka je sai ya nemi banɗaki."

"Ki ce masa nan babu. Kada ya kuskura."

Ya juya wajen baƙin ya yi musu maraba da harsunansu, kalma ɗaya-ɗaya da ya tsinta a bakin mutane. 'Yan matan suka ɗauki hotonsa. Ya tsaya ƙyam kamar shi ne mai kabarin.

A ƙarƙashin rumfar kara, Ustaz Midhat na zaune da kofin shayi. Nagat ta gaishe shi, ya amsa da fara'a.

"Na zo in sha shayin Ammu ne. Duk dutsen nan babu mai dafa shi baƙi kamar nasa."

"Naka ruwan wanka ne," in ji tsohon. "Nagat, shiga da su. Rana ba ta jiran kowa."

Ta ajiye jakarta a rumfa, ta ɗauki madubin ciki, ta shiga gaba baƙi na biye. Sanyi da ƙamshin tsohuwar ƙasa suka tare su. Ta kai ƙarshen zauren, ta jera su jikin igiya, ta ce kowa ya kashe fitilar wayarsa.

"Ku jira. Yanzu za ku ga abin da mai kabarin ya gani."

Ta ɗaga madubi. Daga inda take tana hango ƙofa, da ubanta a tsakiyar haske, ya ɗaga nasa allon a ƙirji. Hasken ya taso, ya yi rawa a bakin ƙofa, ya zame hagu ya faɗa kan dutsen waje.

Dama kaɗan, Yaba, ta ce a ranta.

Ta buga yatsa a jikin ƙarfen.

Babu ƙara.

Sai lokacin ta tuna. Wallahi tun safe tunaninta bai kai nan ba. Ta yi tunanin Haggag, ta yi tunanin maganar mata, ta yi tunanin dogayen darare a gidan siminti. Ba ta yi tunanin cewa zoben da ta mayar don ubanta shi ne bakin da take magana da ubanta ba.

Ta buga da farce. Ta buga da ƙashin yatsa, ƙarar ta mutu a hannunta. Ta laluba ƙasa da ƙafa ko za ta samu tsakuwa. Babu. Tsohon yana share kabarin nan fiye da yadda mace ke share ɗakinta.

Shi kuwa a waje ya ji shiru. Shiru kuma ma'anarsa ɗaya ce a wurinsa.

Ya tsaya. Ya gyara kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya riƙe madubin ƙam, yana haska ƙaton dutse da babu komai a kansa. Fuskarsa cike da alfahari. Yana jiran ya ji "aah!" ɗin da baƙi ke yi in launi ya tashi a bango.

Ba a yi ba.

"Ina hasken?" in ji mai jar fuska. Ɗaya daga 'yan matan ta yi 'yar dariya, ta kunna wayarta.

Nagat na hango Ustaz Midhat. Ya ajiye kofi. Ya dubi hasken a kan dutse, ya dubi tsohon. Sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyara igiyar takalminsa.

"Yaba..." Muryarta ta fita da ƙyar, zauren ya ƙara mata ƙarfi. "Dama kaɗan."

Wannan ne karo na farko da ta faɗa da baki.

Tsohon bai karkata ba. Ya daɗe a haka. Sannan a hankali ya sauke madubin, ya kifa shi a ƙasa.

"Fito," ya ce.

* * *

Ta ce wa baƙin su ɗan jira, ta fito rana na dukan idonta.

"Ba ni hannunki."

Ta miƙa hagu.

"Ba wannan ba."

Ya kama na daman. Babban yatsansa mai kaushi ya bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a inda babu komai.

"Ina yake?"

"Na manta shi a gida..."

"Ban haifi maƙaryaciya ba."

"Na mayar masa."

"Ya zage ki?"

"A'a."

"Ya dubi wata?"

"A'a, Yaba."

"To don me?"

Hawayenta ya ɗiga a bayan hannunsa. Bai goge ba.

"Don ni," ya ce.

"Ba na son teku ne kawai. Ba na son warin kifi. Ina da aikina a nan, ina da..."

"Rufe mini baki."

Ta rufe.

"Shekara biyu ina jin ƙarar zoben nan," ya ce. "Kullum in na ji sai in ce, to, yaron nan yana nan, bai gaji ba. Ina jin daɗi biyu, ga hanya ga albishir. Na ce bari in ƙara wata ɗaya. Wata ya zo, na ce bari in ƙara wani." Ya saki hannun. "Ban san har zai kai ki cire ba."

"Ni na zaɓa! Ba wanda ya sa ni!"

"Bangon hagu," ya ce. "Me ke jiki?"

"Yaba, baƙi na jira..."

"Su jira. Mai kabarin ya fi su jira. Me ke jiki?"

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta faɗa kamar yadda take faɗa wa baƙi. "Mai rumbuna yana tsaye a kwalekwale yana farautar tsuntsaye. Matarsa na bayansa da furanni. 'Yarsa ta durƙusa a ƙasa, ta riƙe masa ƙafa kada ya faɗa ruwa."

"Tun ina yaro nake ganin yarinyar nan. Kakana ya gan ta. Shekara dubu nawa tana riƙe da ƙafar ubanta. Ba ta tashi ba, ba ta girma ba, ba wanda ya zo neman aurenta. Uwarki in ta haska wurin sai ta ce, Shahhat, yarinyar nan tana ba ni tausayi." Ya juya fuska wajen ƙofar. "Ita zane ce. Ke ba zane ba ce."

"In na sake ka za ka faɗi!"

"Sai in faɗi. Ƙafata ce."

Ya juya wajen rumfa, daidai inda ƙarar cokali ta fito ɗazu.

"Ustaz Midhat."

"Na'am, Ammu." Mutumin ya taso da sauri. "Ammu, ni ban ga komai ba. Takalmina nake ɗaurewa. Kowa hannunsa na kaucewa, zafi ne, gobe ma rana ce..."

Nagat ta dube shi kamar ta faɗi ta kama ƙafarsa don godiya. Ƙofa ce ya buɗe musu. Abin da ya rage tsohon ya yi shiru kawai.

"Kai ka ƙi gani," in ji Shahhat. "Ni ba na gani. Ba yau ba, an daɗe."

"Yaba!"

"Ina magana da mutum."

Ya sa hannu a wuyan jallabiya, ya zaro igiyar da makullin ke jiki. Igiyar ta yi baƙi don zufa. Bakhita ce ta tufka ta. Ya kwance makullin, ya miƙa shi cikin iska, ya mayar da igiyar wuyansa.

Ustaz Midhat bai so karɓa ba. Hannun tsohon bai sauka ba, dole ya karɓa.

"Wanda za ka kawo, ka ce masa ya share da tsintsiyar kaba mai laushi. Kada ya jingina a bango. Kada ya bar kowa ya taɓa yarinyar."

"Za ka riƙa zuwa ai, Ammu. Rumfar nan taka ce."

"Mu gani."

Nagat ta durƙushe a kan tsakuwa, ta kama gefen jallabiyarsa. "Me ka yi? Me ka yi, Yaba? Wa zai dafa maka? Wa zai zauna da kai?"

"Gwaggonki. Miyar lalonta kamar ruwan kogi, bakinta ba ya hutawa. Zan jure."

"Gidan nan zai kashe ka..."

"Gida ba ya kisa. Allah ke kisa." Ya lalubo kanta, ya dafa. "Wa zai mayar da baƙinki gabas?"

"Haggag."

"Yaushe zai tafi?"

"Da magariba."

"Zoben fa?"

"Yana rataye a ƙusa, a kwalekwalen."

"To bai jefa a ruwa ba. Yaron kirki ne, ko da yake surutunsa ya yi yawa. Kafin ku kai tsakiyar kogi ki ɗauka. Ki ce masa ya zo da kawunsa bayan la'asar, ina gida. Ki faɗa masa dalili, kada ya tafi yana zaton ba a sonsa. Ya faɗa wa duk gaɓa in ya ga dama."

"Ka zo mu tafi tare. Ya ce ɗaki ɗaya naka ne, taga tana kallon teku."

"Me zan yi da taga?"

Ta kifa fuska a gwiwarsa tana kuka kamar ranar da aka rushe gidan. Ya bar ta. Iska mai zafi ta bi ta kan kangaye. Can ƙasa, bayan gonakin rake, kogin na sheƙi, da ƙananan kwalekwale a bakin gaɓa. Ɗaya daga ciki na jiranta.

Baƙin sun fito bakin ƙofa sun yi cirko-cirko. Ba su ji yaren ba, amma ko mai jar fuska ya cire hularsa. Tsohuwar nan ta riƙe hannun mijinta da hannu biyu.

"Tashi," in ji Shahhat. "Mutane na kallo. Ki shiga da su, ku kunna wayoyinku."

Nagat ta miƙe. Ta dubi madubin a kife a ƙasa, bayan allon duk sawun yatsunsa da na uwarta. Ta ɗauko shi da hannu biyu, ta kai ƙirjinsa.

"To sau ɗaya, Yaba. Na ƙarshe. Zan faɗa maka da baki, dama ko hagu, ba wanda zai yi dariya. Ba don su ba, don ni. Ina so in ƙara ganin yarinyar bangon da rana kafin in tafi..."

Ƙarfen ya ɗauki zafi, ya ji shi a ƙirji. Yatsunsa suka motsa kamar za su kama gefen allon, don sun saba. Ya mayar da su bayansa, ya haɗe.

"In na ɗaga yau, gobe za ki ce sau ɗaya. Jibi ma haka. Na san ki, kin san ni."

"Yaba, don darajar Yamma..."

Ya juya fuskarsa ga rana, idanunsa a buɗe.

"Ba zan ɗaga ba."